Ranar da Na Kai Baba Kotu Ya Rabu da Mama

Masu bibiyar labarina, na san na yi kwana biyu ban leƙo ba. Lafiyata ƙalau, kuma ban yi fushi da masu yaɓa mini magana a ƙarƙashin rubutu ba. Abin da ke faruwa shi ne duk sanda na ɗauki waya zan rubuta, sai in laluba zuciyata in ji ta wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Yau dai na ce bari in rubuta a hakan, ku karɓe ni yadda nake.

Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Corrine Haugen, shekarata ashirin da bakwai, ni ce auta a gidanmu. Gyaran gashi nake yi a wani ɗan shago da ke bakin babban titin garinmu, a yammacin Wisconsin. Irin garin nan ne da in ka yi atishawa a gidan mai, kafin ka isa coci an yi maka ya jiki.

Babana Arlen da mamata Loretta sun shekara arba'in da huɗu tare, suna kiwon shanun madara a gonar da kakan Baba ya sare. Bara da kaka, yana tsakiyar tatsa, jini ya hau masa kai, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hankalinsa na nan garau. Magana ce ta zama sai ya yi ta farautar kalma kafin ya kamo ta. Mama ta rantse babu inda za a kai mata miji, ita za ta yi jinyarsa. Ta yi kuwa, har ranar da suka zube tare a banɗaki, shi a kanta, suka kwanta a kan tayil har na dawo daga aiki. Likita ya duba bayanta, ya duba Baba, ya ce maganar gida ta ƙare, sai gidan jinyar tsofaffi.

Kuɗin wata ɗaya a wurin ya fi abin da nake samu a wata huɗu. Shi ya sa yayana Wade, wanda gonar ke hannunsa yanzu, ya kwashe mu ni da Mama zuwa wurin wata lauya, Misis Prochnow. Mace ce busasshiya mai furfura, gilashinta rataye da sarƙa a wuya, ga kwanon alewa a kan teburinta wanda ban ga alamar an taɓa ɗauka ba.

"Zan faɗa muku ba kumbiya-kumbiya," in ji ta. "Gwamnati na biya wa tsoho kuɗin gidan jinya, amma sai ya talauce tukuna. Kuma a idonta miji da mata aljihunsu ɗaya. Za a bar wa Misis Haugen gidan da take kwana da ɗan abin da za ta ci. Sauran kuwa, filin gona da ajiyar banki, sai gidan jinya ya lashe su kafin gwamnati ta sa hannu."

Wade ya ce, "To a mayar da gonar sunana yau ɗin nan."

"Da shekara biyar da suka wuce ka zo da wannan dabarar, da na ba ka alewa biyu. Suna bin diddigin duk kyautar da aka yi cikin shekara biyar. Suna gani, sai su ƙi biya."

"To saura me?"

Ba ta kalle shi ba, Mama ta kalla. "Saura a raba aljihun. Kotu ta ba ki gona, shi ya fita da keken guragunsa da ɗan fanshonsa. Daga nan ya zama talaka a idon gwamnati."

Mama ta daɗe tana murza hannun jakarta. "Saki kike nufi."

"A takarda kawai, Mama," Wade ya yi saurin cewa.

"Auren ma ai a takarda aka rubuta shi," in ji Mama.

Na zaci Baba zai tada ƙura. Da muka koma gida Wade ya durƙusa gaban kekensa ya yi masa bayani, yana ta kwana-kwana. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya daki hannun keken da hannunsa mai lafiya.

"Kakana... da hannu ya tumɓuke kututturan gonar nan. Ba zan cinye ta... a kwance ba." Ya juya ga Mama. "Retta. Sake ni."

Mama ta tashi ta shiga kicin. Muka ji ta kunna famfo, ruwa na ta zuba, ba ƙarar kwano ko ɗaya. Ni kuwa ina zaune a kan kujerar da kyanwa ta yage wa hannu, abin da kawai nake tunani shi ne labulen falo ya isa wanki. Ku yarda da ni, ban ji komai ba. Tun ranar ban sake jin komai sosai ba.

Yanzu bari in kawo muku Reuben, don na san shi kuke jira.

Reuben Ostby dogo ne, mai manyan kunnuwa da ke yin ja in ya ji kunya. Da kansa yake goge rigunansa, har hannun riga sai ya fitar masa da kari. Mun shekara biyu tare. Ana saura 'yan kwanaki mu je wurin lauya ya kai ni cin soyayyen kifi na ranar Juma'a, da muka fito ya tsaya a jikin motarsa, ƙanƙara na sauka a kan hularsa, ya ciro ɗan akwatin zobe ya ce in aure shi. Na ce ya ba ni lokaci, gidanmu a hargitse yake. Ya ce lokaci nawa ne duk, ya mayar da akwatin aljihu, ya kakkaɓe mini ƙanƙara daga kafaɗa.

Matsalar ɗaya ce. Reuben a ofishin walwalar jama'a na gunduma yake aiki, kuma teburinsa na cikin tebura ukun da ke duba masu neman gwamnati ta biya musu kuɗin gidan jinya.

Wade ya tare ni a garke, yana wanke bututun tatsa, bai ko ɗago ba.

"Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki so sai mai gadin baitulmali."

"Ai ba sata muke yi ba. Lauya ta ce doka ta yarda."

"Doka ta yarda in sakin gaske ne. Bari saurayinki ya ji an ce na wasa ne, ki ga ko zai iya haɗiyewa. Mutumin da ya kai kansa wurin ɗan sanda don motarsa ta gogi madubin wata motar da ba kowa a ciki."

"Ya bar takarda ne kawai a gilashi."

"Ya bar takarda, ya kuma koma ya tsaya yana jiran mai motar. Ki saurare ni, Corrie. Ko ki gaya masa sakin gaske ne, ko ki ajiye shi gefe sai an gama. 'Ya'yana uku a gonar nan suke ci. Ke almakashinki a jaka yake, duk inda kika je kin ci abinci. Ni ba zan iya naɗe gona in sa a jaka ba."

Matarsa ma ta kira ni da yamma, da muryar nan tata mai zaƙi kamar an zuba sukari a madara, ta ce ita ba ta son shiga maganar dangi, amma in tuna Baba da bakinsa ya nema. Na ce na tuna.

Ba a yi mako da shigar da ƙara ba gari ya ɗauka. Ina cikin haɗa rinin gashi wayata ta yi ƙara.

Reuben: "Na ji wata magana a gidan mai game da iyayenki. Gaskiya ce?"

Ni: "E."

Reuben: "Shekara arba'in da huɗu, Corrie. Mutumin yana kan keken guragu."

Ni: "Mama ta gaji."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

Reuben: "Ba zan yanke mata hukunci ba, ban san abin da ta gani ba. Amma ni da ke ba za mu taɓa zama haka ba. Ko da cokali ne zan riƙa ba ki abinci a baki."

Na karanta, na kifa wayar, na ci gaba da dama rini. Launin ya fito daidai.

Watannin jiran kotu Mama ce ta sha su. Matan coci suka cire sunanta daga masu dafa abincin jana'iza, aikin da take yi tun kafin a haife ni. Ranar Lahadi bencinmu ya zama fili, sai mu biyu da littattafan waƙa. Fasto ya zo gida da kansa ya tambaye ta ko ta yi addu'a a kan lamarin, ta ce ta yi, ta zuba masa kofi, ta yanko masa kek. A shago kuwa, wata Misis Dahlby, da na shekara biyar ina naɗe mata gashi, tana zaune kanta cikin injin busarwa, ta ɗaga murya wai ita a dole ba ta san ana jin ta ba.

"Miji na tsaye an sha madara, ya kwanta an tuna da akwai kotu. Allah ya raba mu da irin wannan ƙarshe."

Na je na duba gashinta na ce saura kaɗan ya bushe. Ta ba ni tukwici fiye da na kullum.

Reuben bai taɓa faɗin baƙar magana a kan Mama ba, amma ya daina shiga kicin ya gaishe ta in ya zo. Sai ya wuce falo wurin Baba, ya zauna suna kallon ƙwallo, ya riƙe masa kofi. Wata rana har na ji yana ce masa, "Mista Haugen, duk inda aka kai ka zan riƙa zuwa." Baba ya kalle ni ta saman kansa. Na kalli talabijin.

Ranar kotu ta faɗo lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, ko'ina caɓi. Da safe na yi wa Baba aski, na sa masa farar riga da kwat ɗinsa ruwan toka wanda yanzu ya yi masa yawa a kafaɗa. Ina ɗaura masa laktaye muna bita, kamar yadda lauya ta ce.

"Alƙali zai tambaye ka, auren nan ya lalace, lalacewar da ba gyara? Me za ka ce?"

"E."

"Kada ka ƙara komai. Kada ka kalli Mama."

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kin... shaƙe ni."

Na sassauta laktayen.

Mama ta fito cikin doguwar rigarta shuɗiya mai duhu, wadda take sawa zuwa jana'iza, da ƙaramin ɗan kunne na azurfa da takalmi mara tsini. Ta tsaya a bakin wurin wanke-wanke tana ta shafa sabulun kwano a yatsa. Zoben ya ƙi fita, yatsan ya girma a kewayensa. Sai da na ɗauko zaren sakace haƙori na naɗe mata yatsan tam, na zura bakin zaren ta ƙarƙashin zoben, na warware a hankali, sannan ya zame. Inda ya tashi ya bar farin layi siriri. Ta jefa shi cikin kofin da take tara maɓallai, ta ce in ɗauko mata hoda ta shafa a wurin.

Lauya ta ce kada su zo a mota ɗaya. Wade ya ɗauki Mama, ni na ɗauki Baba. A hanya, da muka wuce gonar maƙwabcinmu, ya nuna da haɓa. "Ya yi saurin... fitar da shanu. Za su ɓata ciyawa."

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, a hawa na biyu, yana warin man goge katako. Alƙalin mura yake yi, ga kwalin tishu a gefensa. Na tura Baba zuwa tebur ɗaya, Mama na ɗayan, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Na koma benci kusa da Wade, wanda ƙafarsa ke ta rawa har bencin na motsi.

Aka karanta rabon dukiya. Gona, gida, shanu, injuna, duk na Mama. Na Baba bai kai layi biyu ba.

"Misis Haugen, kin tabbata auren nan ya lalace, lalacewar da ba gyara?"

"E, mai shari'a." Muryarta kamar tana ba da odar abincin shanu ta waya.

"Mista Haugen, kai fa?"

Baba ya yi shiru. Hannunsa mai lafiya ya kama hannun keken, bakinsa na motsi ba sauti. Na san wannan shirun, farautar kalma ce, amma a ɗakin nan ya yi tsawo har na ji ƙarar injin ɗumama ɗaki. Bai kalli Mama ba. Tuta ya kalla.

"E."

Alƙali ya rubuta wani abu. "Misis Haugen, na ga kin nemi komawa sunan gidanku."

Wannan ma shawarar lauya ce, wai ya fi kama da gaske. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Baba.

"E, mai shari'a. Loretta Sather."

Sai muka ji wani sauti daga wurin Baba. Na zaci shaƙewa ya yi, har na yunƙura. Ashe dariya ce, ta ɓari ɗaya na bakinsa.

"Sather," in ji shi. "Na san... wata yarinya... mai wannan sunan. Sau biyu... ta ƙi ni."

Ƙafar Wade ta tsaya cak. Misis Prochnow ta shiga gyara takardun da ba su hargitse ba. Mama ta kafe idonta a kan tebur, wuyanta ya yi ja har kunne. Alƙali ya sauke gilashinsa ya dubi Baba, ya dubi Mama, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya zari tishu ya fyace hanci, ya ɗauki biro ya sa hannu. Ya ce ya raba auren, ya yi musu fatan alheri, a kira na gaba.

Shi ke nan. Ya fi sauri a kan wankin kai.

A baranda Wade ya tafi kawo mota, lauya ta tsaya amsa waya can gefe. Ƙafar Baba mara lafiya ta zame daga matakin keke, tana jan ƙasa. Kafin in sunkuya Mama ta riga ni. Ta durƙusa da ciwon bayanta, ta ɗaga ƙafar ta mayar, ta ja masa safa. Ta ciro hankici daga hannun riga ta goge masa gefen baki. Baba ya sunkuyo ya ɗora goshinsa a kan gashinta.

"Retta."

"Ka yi ƙoƙari, tsoho. Ka faɗa daidai. Sai dai bakinka da ba ya rufuwa, saura kaɗan ka jawo mana."

"Sau uku ne ma."

"Biyu ne. Na ukun ban ji ka ba, injin tarakta na kunne."

Na ɗago kai sai na ga Reuben a bakin matakala. Na manta, ko kuma na ƙi tunawa, cewa ofishinsu a ƙasan wannan ginin yake. Yana tsaye da kofi biyu a hannu, katin aiki rataye a wuyansa, riga mai layi-layi shuɗi a goge tsaf. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Kunnuwansa sun gaya mini ya daɗe.

Ya tako ya miƙo mini kofi ɗaya. "Na ce ko za ki buƙaci wani a kusa."

"Na gode."

Ya dubi Mama da ke durƙushe. Tun da aka fara maganar nan bai yi mata kallon ido da ido ba sai ranar. "Barka da rana, Misis Haugen."

"Sather," in ji Mama, tana dafa keken ta miƙe.

Ya gyaɗa kai. Ya ajiye ɗaya kofin a kan taga, ya juya ya sauka. Na kurɓi nawa. Ya sa madara daidai yadda nake so, ba sukari.

Da la'asar muka kai Baba gidan jinya. Ɗakinsa na kallon wurin ajiye motoci, akwai wani tsoho a ɗaya gadon yana barci baki buɗe. Mama ta zauna da baƙin alƙalami tana rubuta sunan Baba a wuyan kowace riga da bakin kowace safa. Ma'aikaciyar da ke karɓar sababbi ta shigo da fara'arta ta tambaye ta, "Ke ce matarsa?"

Baba ya riga Mama amsawa.

"Budurwata ce," in ji Baba.

Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta rubuta "ƙawa". Da za mu tafi Baba bai yarda an yi sallama ba, ya ce a kunna masa labarin yanayi. A mota Mama ta ce in sauke ta a garke. Ta zura takalmin roba a kan safarta, ta shiga cikin shanu da rigar jana'izarta, ta karɓi layin shanu ɗaya daga hannun Wade ta fara tatsa. Na zauna a mota ina kallon ta ta ƙofa. Na jira kuka ya zo. Da na ga bai zo ba na tafi na sayo burodi.

Reuben bai kira ba, bai turo saƙo ba, har mako ya zagayo. Ni ma ban nema ba. Kullum da safe sai in buɗe hirarmu in ga saƙon ƙarshe, hoton wani kare ne sanye da hula da ya turo mini, sai in rufe.

Jiya da tsakar rana, abokiyar aikina ta fita cin abinci, shago ba kowa, sai ga shi ya turo ƙofa. Ya rataye rigar sanyinsa, ya zauna a kujerata ba tare da ya tambaya ba.

"A rage gefe da baya."

Na yafa masa mayafin aski, na ɗaure a wuya. Na fesa ruwa, na fara tajewa. Ta madubi muke kallon juna, shi ma ba sosai ba.

"Ya Mista Haugen?"

"Yana nan. Ya ce abincinsu kamar jiƙaƙƙen kwali."

"Mamarki fa?"

"Kullum tana can daga safe har azahar."

Almakashi na ta aiki.

"Na ga irin wannan sakin ba ɗaya ba ba biyu ba, Corrie. Ba yaro ba ne ni. Wani in na gani nakan yi zargi, amma zargi ba hujja ba ne, sai in duba abin da ke gabana in wuce. Wannan kuwa da kunnena na ji."

"Na sani."

"Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Wata da watanni kina kallona ina jin haushin matar nan. Na daina gaishe ta. Na zauna ina yi wa mijinta alkawari kamar ni ne mai amana ita ce maciya amana. Kina tsaye a wurin."

"Wade ya ce..."

"Ban tambayi Wade ba."

Na karkatar da kansa gefe na rage saman kunne. Kunnen ja wur. Ina neman abin da zan ce, na san akwai kalmomin da ake faɗa a irin wannan wuri, na sha jin mata na faɗa wa juna su a kujerar nan. Babu wadda ta zo mini.

"Takardun neman tallafin babanki sun iso da safen nan," in ji shi. "Cikin tebura uku, nawa suka faɗo."

Na ci gaba da askin daidai wa daida. Na lura da hakan, har na ɗan yi mamaki.

"In akwai wani abu tsakanina da iyalin mai nema, sai in rubuta mene ne, in miƙa wa shugabata, ta ba wani. Daga nan ba ruwana, ba mai tambayata abin da na ji a baranda. In kuma na ce da akwai amma ya wuce, dariya za ta yi. Za ta ce garin nan wa bai taɓa fita da wa ba, in je in yi aikina. To in na buɗe takardun babanki, zan buɗe ne da abin da na sani. Ba zan iya sa hannu kamar ban sani ba."

Wayata ta yi ƙara a kan teburin madubi, tsakanin kwalbar fesa ruwa da mataji. Fuskarta na sama, mu biyu muka karanta.

Wade: "Na ga motarsa a ƙofar shagonku. Lauya ta ce takardun sun shiga. Ki lallaɓa shi. Ko me ya ce ki ce to."

Reuben ya yi wani ɗan murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Kin ji Wade, yau kuma ni ake lallaɓawa," ya faɗa a hankali. "Na san yadda maganata ta fito, kamar na sa miki wuƙa a wuya. Na yi ta juya ta tun safe ko zan sami wata hanyar faɗa, ban samu ba. Akwatin nan har yau yana motata. Amma in kika ce e yau, har in mutu ba zan san ko ni kika amsa wa ko gonar ba."

Abin da ban gaya masa ba, ku nake gaya wa, shi ne ni ma ba zan sani ba. Na tsaya a bayansa da almakashi a buɗe, ina kallon ɗan wurin nan a ƙeyarsa inda gashi ke juyawa ta hagu, wurin da ba wanda ya san shi sai ni da mamarsa. Na tambayi kaina ko ina son mutumin nan. Na san amsar, kamar yadda na san lambar wayar gidanmu. Ji ne kawai ban ji ta ba.

"Kafin a tashi aiki zan miƙa wa shugabata takardar," in ji shi. "Layi ɗaya ne. Mece ce ke a wurina, me zan rubuta, Corrie?"

Na ajiye almakashi, na ɗauki injin aski, na busa gashin da ya maƙale a haƙoransa.

"Sunkuya," na ce. "Ban gama bayan ba."

Ya sunkuyar da kai, ya jira.